Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da ya ɗora rana a kan ma'auni

Duk ɗalibin da ya taso daga Madawa, Buza ko Keita da takardar bakaloriya a hannu ya nufi Yamai, sunan da zai fara cin karo da shi a ƙofar jami'a shi ne Abdou Moumouni. Tun shekarar 1992 jami'ar take ɗauke da wannan suna, har ya koma kamar sunan unguwa, ana faɗarsa ba a tuna cewa na mutum ne. In aka matsa wa ɗalibi da tambaya, amsarsa ba za ta wuce cewa wani farfesa ne na hasken rana ba. Gaskiya ne, sai dai amsar ta yi gajarta. Rana kowa ya san ta a ƙasar nan, manomin albasa na Galmi ya fi kowane farfesa sanin zafinta a gadon baya. Abin da marigayin ya ƙarar da rayuwarsa a kai shi ne tambayar da ke biye: nawa ce? Ƙarfi nawa take zubowa a kan mita ɗaya ta ƙasa, kashi nawa na'ura ke iya kamawa, kuma wane ƙarfe ne zai jure ta shekara da shekaru bai lalace ba?

An haifi Abdu Mumuni Joffo ranar 26 ga watan Yunin 1929 a garin Tasawa, cikin jahar Maraɗi ta yanzu, ko da yake asalin gidansu Kirtashi ne, a bakin kogin Isa, kudu maso gabas da Yamai. Ya yi ƙaramin lakwal a Damagaram da Yamai, daga nan aka tura shi makarantar William Ponty da ke kusa da Dakar. Wannan makaranta ita ce ƙololuwar abin da mulkin mallaka ya tanadar wa ɗan Afirka ta Yamma a wancan zamani. Can Jori Hamani ya yi karatu, can Bubu Hama da Modibo Keita na Mali suka yi. Amma an gina ta ne don ta fitar da mushe da akawu da mataimakin likita, mutanen da za su yi aiki a ƙarƙashin Bature. Abdu Mumuni bai tsaya nan ba. Ya ci bakaloriya a Dakar, ya wuce birnin Paris, ya shiga lisen Saint-Louis inda ake shirya ɗalibai don manyan makarantun kimiyya, ya sami lisansi a 1953.

A 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke kira agiregasiyo a fannin kimiyyar fiziks, ya zama na farko daga ƙasashen Afirka baƙar fata rainon Faransa da ya yi haka a wannan fanni. Jarrabawar gasa ce, gurabe ƙididdigaggu ne kowace shekara, kuma ba a takarda kaɗai take ƙarewa ba. Ana sa mutum ya haɗa kayan gwaji da hannunsa a gaban alƙalai, ya auna, ya faɗi abin da ya samu da iyakar kuskuren da ke cikin awon nasa. Mai wannan shaida yana iya zama a Faransa ya ci albashi mai tsoka har ya tsufa. Shi kuwa ya koma Dakar koyarwa.

Siyasa da alli

Tun yana ɗalibi yake cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, kuma yana cikin waɗanda suka assasa jam'iyyar PAI a 1957, wadda ta fito ƙarara tana neman cikakken ƴancin kai a lokacin da manyan ƴan siyasa da dama ke tsoron furta kalmar. Ranar 28 ga Satumban 1958 ƙasar Gini ta Seku Ture ta ce a'a ga tayin Janar de Gaulle. Faransa ta fusata, ta kwashe ma'aikatanta da malamanta cikin ƴan makonni. Wasu ƴan bokon Afirka suka ajiye ayyukansu suka tafi cike gurbin, cikinsu har da masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo na Haute-Volta, Burkina Faso ta yau. Abdu Mumuni na cikin tafiyar, ya koyar a lisen Donka da ke Konakiri.

Bayan Gini ya ɗan koyar a Yamai, bai daɗe ba. Lokaci ne da aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, kuma iskar siyasa ba ta yi wa masu ra'ayi irin nasa daɗi. Daga 1962 zuwa 1964 yana Tarayyar Sobiyat, inda ya zurfafa bincike kan makamashin rana.

A 1964 gidan ɗab'i na Maspero a Paris ya fitar da littafinsa L'Éducation en Afrique. Mutane da yawa a wajen Nijar da wannan littafi suka san shi kafin su ji labarin aikinsa na rana. Ya bi tarbiyyar gargajiya da makarantar mulkin mallaka dalla-dalla, ya nuna cewa ƙasashen da suka sami ƴanci sun gaji makarantar da ba don su aka gina ta ba. Ya nemi a koyar da yara da harsunansu na gida, a kuma haɗa karatu da aikin hannu da noma. Yau shekara sittin da ɗoriya ke nan, har yanzu yaron Azarori da ya tashi da Hausa ko Tamashek yana fara lissafi galibi da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba.

Abin da ke faruwa a bakin madubi

Digirin digirgir da ya kare a Faransa a 1967 shi ne zuciyar aikinsa na kimiyya, kuma batun ya fi sauƙin fahimta fiye da yadda sunansa ke tsoratarwa. Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin tabarau yana yaro ya san cewa ana iya tara hasken rana wuri guda. Madubi mai zurfi kamar ƙwarya, irin siffar farantin kama tashoshin talabijin, shi ma haka yake yi: duk hasken da ya faɗa cikinsa sai ya tattara shi a wani wuri a gabansa. A littafin ƴan makaranta ana zana wurin a matsayin ɗigo ɗaya. A zahiri ba ɗigo ba ne. Rana tana da faɗi a sama, kusan rabin digiri, don haka madubin da ke tara haske a nisan mita ɗaya zai ba da tabo mai faɗin kusan santimita ɗaya daga tsakiyarsa, hasken da ke zuwa daga gefunan madubin kuma ya fi haka bazuwa. Sakamakon shi ne tabo mai tsananin zafi a tsakiya, yana raguwa zuwa gefe. Ɗan lanƙwasa kaɗan a jikin madubin, wanda ido ba ya gani, sai ya ƙara watsa shi.

Mai son gina tanda ko injin da ke aiki da rana dole ya san taswirar wannan tabo. In ya yi bakin tukunyar da ke karɓar zafin da faɗi da yawa, zafin zai riƙa tserewa ta nan. In ya matse shi, wani kaso na hasken zai faɗi waje a banza. Aikin Abdu Mumuni shi ne ya lissafa yadda ƙarfin ke rarrabuwa a wannan wuri, sa'an nan ya auna ya gani ko lissafin ya yi daidai da abin da ke faruwa.

Awon ne mai wuya. Ba a iya cusa ma'aunin zafi irin na likita a wurin da ke narkar da ƙarfe, kuma ko da bai narke ba, zafin jikinsa zai nuna, ba yawan ƙarfin da ke sauka ba. Dabarar da masu wannan aiki ke bi ita ce ɗan ƙaramin faranti baƙi wanda ke shanye haske, an manna masa wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban. Inda irin waɗannan ƙarafa biyu suka haɗu, in wurin ya ɗumama, wata ƴar wutar lantarki ƙanƙanuwa takan taso, kuma yawanta na bin bambancin zafi. Sai a riƙa gusar da farantin milimita bayan milimita cikin tabon, ana rubuta abin da allura ta nuna. Kafin nan kuma sai an gwada shi kansa ma'aunin da wani haske da aka riga aka san ƙarfinsa, domin ma'aunin da ba a tantance ba shaidar zur yake bayarwa. Aiki ne na haƙuri, babu abin burgewa a cikinsa ga mai kallo.

A wancan lokaci Faransa na kan gaba a wannan fanni. Félix Trombe ya fara gina tandar rana a Mont-Louis, cikin duwatsun kudancin ƙasar, tun 1949, daga baya aka gina babbar ta Odeillo wadda ke haura digiri 3000. Turawa sun fi amfani da su wajen gwada kayan da ake son su jure matsanancin zafi. Ɗan Tasawa kuwa buƙatun gida ya sa a gaba: ruwan sha, girki, da itacen da ke ƙarewa.

Daga Bamako zuwa ONERSOL

Daga 1964 zuwa 1969 yana Bamako, yana koyarwa, kuma shi ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana da gwamnatin Jori Hamani ta kafa a 1965. Ya riƙe ta har 1985.

Tushen duk aikin ma'aikatar shi ne sanin abin da sama ke bayarwa. Na'urar da ake auna shi da ita, piranometa, ƴar ƙarama ce: baƙin fili ƙarƙashin murfin gilashi mai siffar rabin ƙwallo, tana aiki da dabara ɗaya da wadda aka bayyana a sama. Da tsakar rana, in sama ta washe, kusan wat 1000 ke sauka a kan kowace mita murabba'i. In aka tara na yini guda, a Nijar ana samun tsakanin kilowat-awa 5 zuwa 7, gwargwadon wuri da wata. Hazon hunturu na rage shi, gizagizan Agusta ma haka. Akwai wani abu kuma da sai mai awo ke lura da shi: ranar da ƙura ta rufe sama, gari na iya zama da haske sosai, amma hasken a warwatse yake zuwa ta ko'ina. Faranti shimfiɗaɗɗe yana cin moriyarsa, madubi mai tara haske kuwa ba ya iya kama shi. Wanda ya sayo na'ura bisa alƙaluman wata ƙasa bai san wannan ba sai bayan ya biya kuɗi.

Da waɗannan alƙaluma ake yanke wa kowace na'ura hukunci. Misali, ɗaga zafin ruwa lita 100 daga digiri 25 zuwa 60 na buƙatar kusan kilowat-awa 4. Farantin ɗumama ruwa mai faɗin mita murabba'i 2, a ranar da aka sami kilowat-awa 6 a kowace mita, ya karɓi 12 ke nan. In ruwan ya kai zafin da ake so, na'urar ta riƙe kashi ɗaya cikin uku. In bai kai ba, sai a nemi ta inda zafin ke zurarewa: ta gilashi ne, ta bayan akwatin ne, ko fentin ne bai yi baƙi yadda ya kamata ba. Bayan haka sai tambayoyin da sai an bar na'ura a waje wata da watanni suke samun amsa. Ruwa yana cin ƙarfe, yana barin farin gishiri cikin bututu. Roba tana tsagewa a rana. Ƙarfe yana buɗewa da zafin rana ya tsuke da sanyin asuba, kullum, har walda ta gaji.

A tsakiyar shekarun 1970 ONERSOL ta buɗe sashen ƙere-ƙere, ta riƙa fitar da na'urorin ɗumama ruwa da aka girka a asibitoci da wasu gine-gine da gidaje, da na'urorin tace ruwa ta hanyar tururi, da na busar da kayan abinci, da murhun girki. Na'urar tace ruwa irin wannan ba ta wuce ba da lita 3 zuwa 4 a kowace mita murabba'i a yini, kaɗan ne ga mai ƙishi, amma tataccen ruwa ne da batir da ɗakin gwajin asibiti ke buƙata. Ya kuma yi aiki da kamfanin Spilling na Jamus wajen ƙera injin da ke juyawa da zafin da dogayen madubai masu siffar kwararo ke tarawa. Nauyin aikin ma'aikatar ya fi karkata ga zafin rana fiye da farantin da ke ba da lantarki kai tsaye, kuma dalilin a fili yake. Farantin lantarki a lokacin yana da tsadar gaske, sai dai a sayo shi a ƙere daga waje. Akwatin ƙarfe da gilashi kuwa maƙerin Yamai na iya yanka shi, ya walda, ya gyara in ya lalace.

Shekarar 1973 ta zo masa da abu biyu. Fari ya kai maƙura a Sahel, farashin man fetur kuma ya yi tashin gwauron zabi a duniya, nan take manyan ƙasashe suka tuna da rana. A shekarar ce ya wallafa wani rubutu a mujallar Ambio ta ƙasar Suwidin kan buƙatun makamashi na yankin Sahel da abin da rana za ta iya yi a kai. Mutanen Adar ba su buƙaci mujalla ba kafin su san matsalar itace. Ita ce ta sa aka fara dasa layukan bishiyoyi masu tare iska a kwarin Majiya, yankin Buza, daga 1975, aka kuma buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984.

A nan ya kamata a faɗi inda awo ya gaza. Murhun rana yana tafasa ruwa, alƙaluma sun tabbatar. Amma bai shiga madafar gidaje ba, a Nijar ko a wasu ƙasashen da aka gwada shi. Tuwon dare da yamma ake tuƙa shi, lokacin da rana ta yi sanyi. Tuƙin tuwo na son tukunya ta zauna daram a kan duwatsu, ba a rataye a gaban madubi ba. Kuma babu matar da za ta so tsayawa cikin ranar azahar, haske na dukan idonta, tana juya madubi kowane ɗan lokaci don ya bi rana. Piranometa ba ta auna waɗannan.

Daga 1979 zuwa 1982 ya haɗa aikin ONERSOL da shugabancin jami'ar Yamai, a zamanin mulkin soja na Saini Kunce. Sai dai shekarun da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Farashin uraniyom, wanda ke ɗauke da kasafin ƙasa, ya faɗi tun farkon shekarun 1980. A 1986 farashin man fetur ma ya ruguje, masu ba da tallafi daga waje suka juya wa rana baya kamar ba su taɓa saninta ba. Gilashi da ƙarfen da ake ƙera na'urorin da su daga waje ake shigo da su, don haka kayan ONERSOL ba su taɓa yin arahar da talaka zai saya ba. Sashen ƙere-ƙeren ya yi ta ja da baya.

Allah ya yi wa Farfesa Abdu Mumuni rasuwa ranar 7 ga Afrilun 1991 a Yamai, yana da shekara 61, ƴan watanni kafin a buɗe babban taron ƙasa. An yi masa makwanci a Kirtashi. Ranar 7 ga Afrilu ce Nijar ta keɓe a matsayin ranar makamashin da ake sabuntawa. A 1998 aka maye gurbin ONERSOL da cibiyar CNES, wadda daga baya ta zama ANERSOL.

Hanyar da rana ta bi ta shigo gidaje a ƙarshe ba ita ce wadda ya fi ba ƙarfi ba. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin lantarki, wanda a kasuwa ake ce wa pano, ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, kuma mafi yawansa a Sin ake ƙera shi. A watan Nuwamban 2018 aka ƙaddamar da tashar Malbaza mai megawat 7 a jahar Tawa, sai ta Goru Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a 2023. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, duk mai ɗan hali ya ruga neman pano da batir. A karkara kuwa, da shi ake cajin waya, da shi ake jawo ruwan rijiyar burtsatse, da shi ake kunna firjin da dole ya riƙe allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8.

Tambayar marigayin tana nan a bayan kowane faranti, a jikin ƴar takardar da aka manna. Adadin wat da aka rubuta an auna shi ne cikin hasken wat 1000 a mita murabba'i, farantin kuma yana kan digiri 25. A Madawa cikin watan Afrilu, iska kanta ta haura 40, farantin da ke kan rufin kwano na iya kai wa 65. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, don haka mai wat 100 zai dawo kusan 84, tun kafin ƙura ta kwanta a kansa. Wannan in takardar ta faɗi gaskiya ke nan. Mai saye na iya kama ƙaryar da ta yi yawa da igiyar awo kawai. Rabin mita murabba'i ba ya karɓar fiye da wat 500 daga rana, kuma farantan da suka fi kyau a kasuwa da ƙyar suke mayar da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suka karɓa zuwa lantarki. Farantin da girmansa ke nan, in an rubuta masa wat 300, da ƙyar zai ba da 120.